Abin da Takardar Kiɗa Ba Ta Faɗa Ba

Da sanyin safiya a watan Janairu, kafin ɗalibin farko ya iso, nakan ɗaga murfin fiyanon ɗakin gaba in danna madanni guda, wanda ake kira A na tsakiya, in kasa kunne. Tsirkiya uku ke ƙarƙashinsa, kowacce ya kamata ta kaɗa sau 440 a daƙiƙa. Idan sun yi daidai, muryar takan fito miƙaƙƙiya kamar zare. Idan ɗaya ta saki, sai ka ji sautin yana rawa. A Jos da hunturu kusan kullum rawar nake ji. Iska ta bushe, allon katakon da ke bayan tsirkiyoyin ya tsuke, murya ta sauka. Da damina kuma katakon ya sha laima ya kumbura, murya ta hau, wasu madannan su maƙale sai an ɗago su da farce. Kayan nan an ƙera shi ne domin wata ƙasa mai wani yanayi, mu kuma muna lallaɓa shi a tamu.

Makarantata ƙarama ce: ɗaki biyu, fiyanon katako biyu na hannu, da kibod guda mai amfani da wuta, sai ni da wani matashi da na koyar yake taya ni da 'yan farko. Rabin abincinmu daga darasi yake fitowa, rabi daga saiti da gyara a majami'u da makarantu da gidajen mutane. Fiyano yana da madanni 88, farare 52 baƙaƙe 36, da tsirkiya wajen 230, kuma ƙarfin jan da suke yi wa ƙarfen ciki ya kusa tan 20. Saiti ɗaya yakan ci mini awa biyu in kayan na da lafiya. In ba shi da ita, sai abin da Allah ya yi. Na taɓa buɗe wani a wani zauren taro na tarar ɓera ya yi sheƙa da ulun 'yan gudumomin da ke dukan tsirkiya, ya haihu a ciki. Mutanen wurin sun ce tun da aka kawo shi ba wanda ya taɓa leƙa cikinsa. Sati uku na yi a kansa, kuma ranar da ya sake yin magana sai da mai gadin wurin ya shigo ya tsaya.

Gyaran kaya duk da haka shi ne mai sauƙin. Mai wuyar shi ne abin da nake sayarwa a ɗakin darasi, domin ba shi ne abin da yawancin iyaye suka zo saya ba. Wani uba ya kawo mini 'yarsa mai shekara 11, ya kunna mini Für Elise, wani kiɗan fiyano na Beethoven mai tsara kiɗa ɗan Jamus, a wayarsa, ya ce, "Malam, wannan nake so ta iya. Wata nawa?" Na ce, "Alhaji, shafin farko za ta iya shi kafin shekara. Sauran sai mun ga hannunta." Kowa shafin farkon ya sani. Beethoven ma bai fitar da kiɗan da kansa ba, sai a 1867 aka buga shi, shekara 40 bayan rasuwarsa. A tsakiyarsa akwai wani wuri da hannun dama ke gudu da ƙananan alamomi, nan yara ke zubewa.

Yarinyar nan tana da kunne, tana da naci. Matsalarta guda ce, kuma ita ce ta kusan kowa: duk sanda ta yi tuntuɓe sai ta koma farko. Ta buga shafin farko sau ashirin a rana, wurin da ke ba ta wuya sau ashirin tana faɗuwa a kansa. Ashe kullum kuskuren take ƙara koya wa yatsunta. Na ɗauki fensir na zagaye gaɓa huɗu kawai, wato 'yan yankunan da ake raba layin kiɗa da su, na rubuta lambar yatsa a kan kowace alamar sauti, na ce mata wannan makon ba ta da wani aiki sai su. Hannun dama shi kaɗai, sannan hagu shi kaɗai, a hankali har abin ya daina kama da kiɗa. Ta ce, "Malam, Baba zai ce ban koyi komai ba." Na ce ta turo mini shi in ya faɗa. Muka kunna metronom, 'yar na'urar nan mai ƙwanƙwasa lokaci da Maelzel ya yi wa rajista a 1815, muka sa ta ƙasa can, muna ƙara mata kaɗan kaɗan duk bayan ta buga sau uku ba kuskure. Sati biyar muka yi a kan gaɓa huɗun nan. Na san kuɗin mahaifinta ne ke tafiya, kuma na san akwai masu koyarwa da za su ba shi abin da yake so cikin wata uku. Na rasa ɗalibai a kan wannan, ba ɗaya ba biyu ba, kuma kowane ya yi mini zafi.

Idan yatsu suka zauna, sai ainihin aikin ya fara. Nakan rubuta wa ɗalibi kalmar "gari" a allo in ce ya karanta. Wani ya karanta garin da ake zama, wani garin tuwo. Rubutun boko ba ya nuna mana tsawon wasali ko hawa da saukar murya, mai karatu ne ke sa su daga abin da ya fahimta. Takardar kiɗa haka take. Tana faɗin wane madanni da tsawon lokacinsa, wani lokaci ta ce da ƙarfi ko a tausashe, sai ta yi shiru a kan sauran. Inda jimla ke numfashi, da alamar da ta fi 'yar'uwarta nauyi, da yadda za a sauke ƙarshe, duk suna hannun mai bugawa.

Cikin masu tsara kiɗa, Bach ɗan Jamus ne ya fi kowa barin mutum da kansa. Ya rayu daga 1685 zuwa 1750, kuma yawancin kiɗansa na madannai ya rubuta su ne domin kayan da suka riga fiyano, irin su hafsikod, wanda ke tsinkar tsirkiya maimakon dukanta, ko ka danna da ƙarfi ko a hankali muryar kusan ɗaya ce. Fiyano kuwa Bartolomeo Cristofori ya ƙirƙiro shi a Florence ta Italiya wajen 1700, kuma sunan ma daga nan ya samo asali: piano a tausashe, forte da ƙarfi. Shi ya sa za ka buɗe shafin Bach ka ga alamomi zalla, ba umarni. Glenn Gould, makaɗin fiyano ɗan Kanada, ya naɗi kiɗan Bach mai suna Goldberg Variations sau biyu, a 1955 da 1981. Na farkon minti 38 ne da 'yan kai, na biyun ya kai 51. Wani ɓangare na bambancin maimaici ne da ya ƙara, amma saurari mabuɗin kiɗan kawai: a na farko saurayi ne ke tafiya da sauri, a na biyu kamar mutum ne ke taka ƙasa yana duban kowane sawu. Takarda ɗaya, mutum ɗaya. Nakan kunna wa manyan ɗalibaina duka biyun in tambaye su wanne ne daidai, kuma gardamar da ke biyo baya ta fi mini darasi goma. Ni na 1981 na fi so, amma ba na faɗa musu sai sun gama.

Akwai kuma inda takardar ta yi magana, bin ta ido rufe ya ɓata kiɗan. A saman sonatar, wato dogon kiɗa mai sassa, da Beethoven ya rubuta a 1801, wadda daga baya aka laƙaba wa sunan hasken wata, ya ba da umarni da Italiyanci cewa a buga sashen farko gaba ɗaya a tausashe ƙwarai, ba tare da an bar madanne-tsirkiya, masu kashe sauti, sun sauka ba. Wato a taka fedar ƙafa mai ɗaga su a riƙe. Fiyanon Vienna na zamaninsa katako ne mara nauyi, muryarsa ba ta daɗewa. Namu na yau mai ƙashin ƙarfe yana riƙe murya da nisa, in ka riƙe fedar haka sai komai ya cakuɗe kamar kunu. Don haka muna sauya feda duk sanda sautukan ƙasa suka sauya, muna neman abin da ya ji a kunnensa ta hanyar da bai rubuta ba. Nakan sa ɗalibi ya gwada duka biyun ya ji da kansa, domin bayani ba ya shiga kamar yadda jin ke shiga.

Chopin, wani mai tsara kiɗan fiyano, ina jin sa kusa da ni saboda shi ma da koyarwa ya ci abinci a Paris, daga zuwansa a 1831 har kusan rasuwarsa a 1849. Ɗalibansa sun ruwaito cewa yana so hannun hagu ya riƙe lokaci daram, hannun dama ya ja baya ko ya yi gaba kamar mawaƙi. Rubato ake ce wa wannan. Yaranmu ba sa shan wahalar gane shi, domin sun tashi suna jin yadda mawaƙi ke yawo a kan kiɗan kalangu ba tare da amshi ya ɓace ba. Abin da nake hana su shi ne su rage gudu a wurin da ke ba su wuya su ce rubato ne.

Jarrabawa muna shirya wa masu so, ta hukumar jarrabawar kiɗa ta ABRSM da ke Landan mai mataki takwas, ko ta ƙungiyar kiɗa ta MUSON da ke Legas. Takardar shaida tana da amfani, tana kuma kwantar wa iyaye hankali.

Cikin ɗalibaina na yamma akwai wani magidanci da ya shekara fiye da goma yana buga kibod a majami'arsu da kunne kawai. Hannunsa ya fi nawa sauri. Ya zo ne don ya koyi karatun takarda, na ba shi mabuɗin farko na Well-Tempered Clavier na Bach, littafin 1722, gaɓa 35 ne kacal. Cikin sati biyu ya haddace, ya buga mini shi tas, duk alamomin nauyinsu ɗaya. Na ce ya ajiye hannun dama, ya buga mini sautin ƙasa kawai, ɗaya a kowace gaɓa, ya bi shi da murya. Ya yi, ya kai wajen gaɓa ta 24 inda sauti ɗaya ke tsayawa a ƙasa tsawon gaɓa takwas na sama suna neman hanyar gida, sai ya tsaya ya ce, "Malam, ashe jira yake yi." Aka ɗauke wuta a daidai lokacin. Da yake a fiyanon katako yake zaune, na haska masa takardar da wayata, ya koma gaɓa ta 20 ya sake tahowa.