Tabon Ruwa da na Zafi a Kan Teburin Katako: Fari Daban, Baƙi Daban

Kafin ka ɗauki komai ka goga wa teburinka, ka fara duba launin tabon. A nan yawancin mutane suke yin kuskure, su ɗauko samfefa a kan tabon da dutsen guga kaɗai zai gusar.

Idan kofin zoɓo mai sanyi ya yi gumi a kan tebur, ko aka dire butar shayi da zafinta, aka bar farin zobe ko wani hazo-hazo, to katakon kansa lafiyarsa lau. Danshi ne ya kutsa cikin banish ko fentin sheƙin da aka fesa, ya maƙale a ƙananan ƙofofinsa, shi ya sa wurin yake fari. Zafi yana sassauta banish ɗin ne, tururin da ke ƙasan kula ko tukunya ya samu hanya, da wurin ya huce sai ya rufe da danshin a ciki. Baƙin tabo kuwa labarinsa daban: ruwa ya ratsa banish ya kai ga katako.

Farin tabo sabo, a ba shi kwana biyu tukuna. A hunturu iska kaɗai kan janye shi. Da damina ne yake taurin kai.

Idan bai tafi ba, sai dutsen guga na lantarki. A zubar da ruwan cikinsa, a kashe tururi, a sa shi a mafi ƙarancin zafi. A shimfiɗa farin ƙyallen auduga busasshe, marar zane da ɗinki, a ninka biyu. A ɗora dutsen ana motsa shi daƙiƙa 5 zuwa 10, a ɗaga a duba, a bari wurin ya ɗan huce, a sake. Yawanci zoben yakan fara dushewa daga gefe. Abin da ke ɓata aikin nan uku ne: tururi, wanda yake ƙara danshi tabon ya faɗaɗa, yadin roba da ke narkewa ya manne, da barin dutse wuri guda har saƙar ƙyallen ta fito a jikin banish. Dutsen gawayi kam a bar shi, don ba a iya sarrafa zafinsa. Mai na'urar busar da gashi ya fi kowa sauƙi: a riƙe ta kamar taƙi ɗaya daga teburin, ana kai da komo minti 5 zuwa 10. Ta fi jinkiri, amma da wuya ta yi ɓarna.

Hanya ta biyu ita ce mai. A shafa basilin da ɗan kauri a kan tabon, a bar shi ya kwana, da safe a goge. Man yana shiga ƙananan ƙofofin ne ya cike gurbin danshin. Mayonis ma yana yin haka saboda man da ke cikinsa, sai dai a ganina basilin ya fi, domin ba ya tsami kuma ba ya kiran tururuwa. Kar a sa mai inda banish ya tsattsage, zai bi tsagar ya shiga katako ya bar duhun da ya fi na farko wuyar fita.

Tsohon tabo da ya ƙi waɗannan yana buƙatar a kankare saman banish kaɗan. Ƙaramin cokali ɗaya na farin man goge baki (ba mai ruwa-ruwa mai launi ba) da ƙaramin cokali ɗaya na bekin soda, a kwaɓa, a naɗe ƙyalle a yatsa a goga a hankali ana bin layin katakon, minti ɗaya, a goge a duba. Tokar da aka tankaɗe sosai, aka kwaɓa da ɗigon mai, tana yin wannan aikin. Soson ƙarfe na wanke tukunya bai dace ba. Na kafintoci mai lamba 0000 ake nufi idan an ce a yi da soson ƙarfe. Wurin zai ɗan rage sheƙi, don haka a bi duk saman teburin da folish mai kakin zuma.

Sannan a tabbata katako ne na gaske. Yawancin kayan ɗakin amare na yanzu allon garin katako ne da aka matse, aka lulluɓe da takarda ko leda mai zanen katako. Zafin dutse yana ɗaga gam ɗinsu, kuma idan ruwa ya kumbura gefen allon ba ya komawa, sai a sauya.

Baƙin tabo yana faruwa ne idan ruwa ya haɗa sinadarin tanin da ke cikin itace da ƙarfe, kamar gindin gwangwani ko kan ƙusa, shi ya sa katako mai tanin da yawa ya fi yin sa. Basilin ba ya taɓa shi. Dole a cire banish ɗin saman teburin gaba ɗaya, domin faci yakan nuna. A narka babban cokali ɗaya na garin asid ɗin okzalik (sinadarin da ke cire irin wannan baƙin tabo daga katako) a kofi ɗaya na ruwan ɗumi, cikin roba ba kwanon ƙarfe ba, a shafa wa duk saman, a bari ya bushe, a maimaita idan da saura. A ɗauraye da ruwan bekin soda, sannan ruwa zalla, a bar shi kwana ɗaya ko biyu. Asid ɗin guba ne: safar hannu, takunkumi lokacin gogewa, kuma a nesanta shi da yara. Daga nan samfefa mai lamba 180, sai 220, ana bin layi, sannan banish shafi biyu zuwa uku. Idan siririn ɓawon katako ne aka manna a sama, kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba, samfefa za ta huda shi nan da nan. Wannan a kai wa kafinta.

Bayan an sake banish, a ba shi kamar wata ɗaya ya ƙeƙashe kafin a ɗora abu mai zafi, kuma ko bayan nan a riƙa sa faifai a ƙarƙashin kula da filas. Ledar da ake shimfiɗa wa tebur tana tare danshi a ƙasanta idan ruwa ya shiga, don haka a riƙa ɗaga ta ana gogewa.