Kwana biyu da munka yi bakin tabkin Tabalak ni da iyali

Tun ina yaro nan Tawa nike da wanga buri. Shekarun 1980 waɗanda sunka girma nan sun sani, anasara na ratso Sahara daga Aljeriya, su biyo Tamanrasset, Assamaka, Arlit, Agadas su sauko nan, wasu da tsohin Peugeot da za su saida, wasu kuwa da irin motar nan da ake ce ma kamping-kar, gado ciki, wurin dahuwa ciki har da ɗan tankin ruwa. Mu yara mu bi muna leƙe ta taga. Abin da ya hi burge ni shi ne duk inda dare ya riske su nan ne gida. Yanzu ba ka ganinsu saboda halin tsaro amma abin bai hita raina ba, shi ya sa hutun ƙarshen shekara da yara sunka samu konje na ce ma uwargida mu tahi Tabalak mu kwana bakin ruwa.

Ta ce Malam, Tabalak ɗin da muke tsayawa sayen kihi bakin hanya? Na ce shi ɗin dai. Sau nawa munka wuce muna hangen ruwan ta gilashi ba mu taɓa sauka ba.

Na ari Hiace ɗin ƙanena, munka cire kujerun baya munka shimhiɗa katihu biyu, sai tabarmi, barguna, sange ukku, bidon huɗu na ruwan sha, butar gaz, kayan shayi da ɗan pano na sharje waya. Mu bakwai har da ƙanen nawa. Tahiyar ba nisa, kamar kilomita 50 ne bisa hanyar Agadas, hanyar iraniyom ɗin nan, da la'asar munka isa.

To nan na yi kuskuren da har yau in na tuna raina na ɓaci, don da yara cikin mota na yi shi. Ban gaida kowa ba, ban tambayi kowa ba, na hango wani hili mai kyau dab da ruwa ba lambu ba komi, na ce ma ƙanena saka nan. Ƙasar ta sama busassa ce har ta tsattsage, ashe ƙarƙashi taɓo ne, ba a jima ba da ruwa ya janye daga wurin. Tayoyin baya sunka nutse, yana ƙara wuta tana ƙara zama. Masunta ne sunka bar komarsu sunka zo da katako da rassan itace, an hi awa guda ana tono ana turi kahin ta hito, ga rana na shirin faɗuwa. Da anka gama wani dattijo cikinsu ya ja ni gehe ya ce ɗana, wa kunka iske kahin ku sauka nan? Na ce Baba ba kowa. Ya ce to hilin da ka gani ba lambu ba wai ba mai so ba ne, mashaya ce, hanyar bisashe ce.

Shi ya kai ni na gaida mai gari na faɗi ko mu su wa ne da abin da ya kawo mu, na kuma biya na shaida ma jandarma kwana nawa za mu yi, wannan kam kar wanda ya yi wasa da shi a zamanin ga, kuma kar ka kama hanya da dare. Sannan dattijon ya sauke mu bisa ɗan tudu gindin bagaruwa kusa da lambunsa na albasa, ruwa na can ƙasa muna kallonsa.

Da sahe na gane maganarsa. Rana na ɗagawa sai ga garke bayan garke, shanun Azawak, raƙuman Buzaye, awaki, tumakin Fulani, duka ta daidai inda motarmu ta maƙale jiya suke sauka. Da can munka kafa sange da yara kwance ban san abin da zan ce ba. Na tsaya ina kallo jikina ya yi sanyi wallahi. Tabkin nan wurin neman abincin mutane ne, damina ta cika shi, rani na tahiya yana ja baya masu lambu na bin sawunsa suna shuka, masunta na ciki, makiyaya na da sa'arsu, kowa ya san iyakarsa, mu ne kaɗai munka zo da sunan shan iska.

Sanyi kuma kar a raina shi. Hunturun Disamba cikin gari daban, na bakin ruwa daban, iska ke biyo ruwan ta shiga ƙashi. Mata da yara sunka kwana cikin mota, ni da ƙanena waje cikin sange, don duk da sanyin akwai sauro. Tsakar dare autanmu na makyarkyata uwargida ta ce a shigo da kaskon gawayi cikin mota a rufe, na ce a'a ko kusa, gawayi ko gaz a wuri rufe yana cinye iska ya saki gubar da ba ta da wari, mutum na barci ya zarce. Munka ƙara masa bargona, munka bar taga a ɗan buɗe, ni na kwana gaban wuta waje. Bargo biyu kowane mutum, ƙasa da haka wahala za a sha.

Rigimar da ta hi duka ita ce ta wanka. Ɗana mai shekara 9 ya ga yaran gari na iyo ya kahe sai ya shiga, har da kuka. Na hana, kuma ban yi nadama ba. Ruwan kwance irin wanga shi ke kawo tsargiya, ƙwayar cutar na zaune jikin ƙananan dodon koɗi, ta hito cikin ruwa ta ratsa fata ko ba ka sha ba, bayan wani lokaci yaro ya fara hitsari da jini, ita ce ake raba ma yara maganinta praziquantel a lakwal. Ga taɓo ƙasa mai riƙe ƙafa, ga ƙugiyoyin mamari da masunta ke jerawa. Sai ɗan dattijon ya rarrashe shi ya ɗauke mu cikin jirginsa biyu biyu, gehe gehe inda ba zurhi, nan ne kuka ya ƙare.

Tsuntsaye kam ban taɓa ganin irinsu haka ba, agwagin ruwa da wasu masu dogayen ƙahahu, babbar ɗiyata da ke lise ta ce wasunsu daga Turai suke gudo sanyi su yi hunturu nan, saboda su ne ma anka sa tabkin cikin yarjejeniyar Ramsar ta kiyaye wuraren ruwa a 2005. Ta yini tana ɗaukarsu hoto da waya. Da rana munka sayi karfasa da tarwaɗa na jika biyu hannun masunta suna hitowa, uwargida ta soya da albasar lambun nan, wanda ake saidawa bakin hanya ma na da daɗi amma wanga daban ne.

Abin da ban shirya ba sam shi ne makewayi, kuma mata sunka hi jin jiki. Sai da munka haƙa rami can nesa da ruwa munka kewaye da tabarmi biyu, da za mu tashi munka rufe. Ledojinmu duka munka tara cikin buhu munka dawo da su Tawa, don akuya in ta ci leda cikinta take zama.

Ranar komawa na miƙa ma dattijon kuɗi ya ƙi, ya ce ɗana baƙo ba ya biyan inuwa. Sukari da ganyen shayin da sunka rage kaɗai ya karɓa, shi kuma ya sa anka zuba muna albasa rabin buhu a mota. Na amshi lambar ɗansa, mun yi da shi zan kira kahin mu taso cikin Fabrairu in sanyi ya sassauta, in Allah ya kai mu. Shebur da igiyar ja da katako biyu har na saye suna nan zaure.