Maganar da Shugaba ta faɗa min lokacin tara

Tun da na dawo gida maganar yarinyar nan ke min yawo a kai, takardun gwajin 'yan aji biyu ma na kasa gama makinsu, shi ya sa na ce bari in zo nan in sauke.

Da safe da murnata na shiga makaranta, don dashen da muka yi bayan ɗakin gwaje-gwaje guda uku sun fitar da sabon ganye. Dabarar nan ta binne robar ruwa mai huji a gindin kowane dashe ta yi aiki sosai, ruwan na tsiyaya a hankali har saiwa, ba kamar da ba da rana ke shanye shi tun a sama. 'Yan aji ɗaya ke cika robobin kullum ba wanda ya sa su.

Sai da aka tashi tara Shugaba, wato ɗalibar da ke jagorantar kulob ɗin muhalli na makarantarmu, ta same ni a ofishin malamai, ta gaishe ni ta tsaya tana murza yatsu, na ce mata lafiya dai ko? Ta ce "Malama don Allah ina da magana amma kar ranki ya ɓaci." Wai yau sun fito tsintar leda su 'yan kulob ɗin muhalli, sai wasu 'yan aji uku suka tsaya suna musu dariya suna tambayar laifin me suka yi. Ta ce "Malama, a makarantar nan duk wanda aka gani a duƙe yana tsintar shara, to latti ya yi ko surutu. Ta yaya zan ce wa ƙananan yara su shigo kulob, alhali aikinmu shi ne horon da ake ba masu laifi?"

Wallahi na buɗe baki na rasa abin cewa. Don ni kaina makon jiya na tura yara biyu tsintar shara saboda ba su yi aikin gida ba, kuma ban taɓa haɗa abin a raina ba sai yau.

Ba ta tsaya nan ba, ta ce abin da aka tsinto ma leba firfet tara shi yake a jikin katanga ya banka masa wuta, hayaƙin ya yi ta shigowa aji yara na tari, "kuma ke kika koya mana cewa in an ƙona leda da roba ana shaƙar guba irin dayoksin." Ta zo da takardarta a rubuce: a cire tsintar shara daga horo, a ba kowane aji fili nasa ya kula da shi, a ware robobi daban, ganye kuma a zuba a rami ya zama taki. Kuma ita da bakinta take so ta faɗa wa firinsifal, ba a aika ni ba.

Abin da ya tsaya min ke nan. Muna naɗa yaran nan shugabanni, mu manna musu baji a riga, amma aikinsu bai wuce rubuta sunayen masu surutu da riƙe allo ranar 5 ga Yuni, ranar muhalli ta duniya, a ɗauki hoto ba. Tsarin nan na kula da muhalli a makarantu mai suna Eco-Schools da aka fara a 1994, matakinsa na farko shi ne kafa kwamitin da ɗalibai ke ja gaba, su ke zagaya makaranta su duba matsala su tsara abin yi, malami na gefe yana taimako. Kuma duk shekara ina ba su labarin Wangari Maathai ta Kenya, yadda ta fara dashen itatuwa da matan karkara a 1977 har ta karɓi kyautar Nobel a 2004, amma ban cika jaddada musu cewa matan nan ɗan ihsani ake ba su kan dashen da ya rayu ba, wato aikin da daraja aka ɗauke shi. Mu kuwa mun mai da shi abin kunya.

Bayan an tashi na tari mataimakin firinsifal da maganar. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce "To Malama, in an cire wannan da me za mu hore su?" Na ce ranka ya daɗe a bar yarinyar ta yi bayani da kanta. Da ƙyar ya yarda da minti 10 a taron malamai na ranar Alhamis.

Ciwon kai tun la'asar. Auta na ta min surutu ban ma fahimci me yake cewa ba.

Tsorona ɗaya, kar ta shiga ɗakin nan a yi mata tafi a ce Allah ya yi albarka, washegari kuma 'yan latti su koma duƙe a bakin get. Gobe da safe zan fara neman yaran nan biyu da na hora in yi musu magana, sannan mu zauna da Shugaba lokacin tara ta gwada jawabinta a gabana.