Bishiyar ƙofar gida ba ado ba ce kawai

Wai mutum zai gina gida, abin farko sai ya sa a sare duk bishiyar da ke filin ya malale ko'ina da siminti, wai ganye na ɓata masa waje, in zafi ya zo kuma shi ne kan gaba wajen ƙorafi. Abin nan na ban mamaki wallahi.

Tun 1984 wani mai bincike a Amurka, Roger Ulrich, ya duba bayanan majinyata da aka cire wa maɗaciya a wani asibiti a Pennsylvania. Waɗanda tagarsu ke kallon bishiyoyi an sallame su kusan kwana ɗaya kafin masu kallon bangon bulo, kuma ba su buƙaci maganin ciwo mai ƙarfi kamar ɗayan rukunin ba. Kallo fa kawai ta taga! A 2016 kuma masana na jami'ar Harvard suka fitar da sakamakon bibiyar mata nas-nas sama da 100,000, mace-mace ta ragu da kashi 12 cikin 100 a tsakanin waɗanda gidajensu suka fi kewayuwa da tsirrai.

Na san wani zai ce ai masu kuɗi ne ke zaune a irin waɗannan unguwanni, dama su ke da asibiti mai kyau. Da gaskiyarsa, shi ya sa ni labarin ƙwaron nan emerald ash borer ya fi kama min hankali, ƙwaro ne da ya kashe miliyoyin bishiyoyi a Amurka, mutanen dai su ne, unguwannin ma su ne, bishiyoyin ne kawai suka tafi, amma da aka duba jihohi 15 sai aka ga mutuwa daga ciwon zuciya da na huhu ta ƙaru a yankunan da ƙwaron ya shiga.

Dalilin ba wani ɓoyayye ba ne. Inuwa da danshin da ganye ke fitarwa na rage zafi, ganyen na tare ƙura, ga shi inda ake da inuwa mutum ya fi fita ya taka da ƙafa ya tsaya hira da maƙwabta, damuwa ta ragu.

Wanda ke haya ba shi da ikon shuka komai fa? Wani bincike a Ingila a 2019 kan mutum kusan 20,000 ya nuna masu yin minti 120 a sati cikin lambu ko daji sun fi cewa suna jin daɗin jikinsu, kuma ba dole sai a zama ɗaya ba, ko rarrabawa aka yi cikin satin duk ɗaya ne.