Talata: taswirar da ta manta da tsaunin Jos

Tun bayan sallar asuba nake gaban kwamfuta, don in ci moriyar wuta kafin a ɗauke. Aikin dai shi ne wanda ya hana ni sakat tun watan jiya: taswirar ruwan saman shekara na yankin da ya taso daga Kafanchan, ya hau Jos, ya gangara Bauchi. Tashoshin auna ruwan sama da na samu alƙalumansu ba su cika yatsun hannu biyu ba, kuma kusan duk a cikin gari suke ko a filin jirgi. Tsakaninsu kuwa ƙauyuka ne birjik da ba a taɓa kafa musu ma'aunin ruwa ba. Su ne zan yi wa kirdado.

Na fara da hanya mai sauƙi a QGIS, manhajar haɗa taswira: kowane wuri ya ari adadinsa daga tashoshin da ke kewaye da shi, wadda ta fi kusa ta fi yawan kaso. Taswira ta fito sumul, launi na narkewa cikin launi. Har na fara yaba wa kaina, sai na lura babu tsauni a cikinta ko na magani. Lissafin bai san Jos na kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 ba, balle duwatsun Shere da suka haura 1,800. A ganinsa ƙasar shimfiɗe take kamar tabarma.

Sai na jawo bayanan SRTM, wato tsayin ƙasa da kumbon Endeavour ya auna da na'urar rada a Fabrairun 2000. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan, amma dutse ba ya ƙaura. Hujjar a fili take: iska in ta hau tudu sanyi take yi, kimanin digiri 6.5 a kowace kilomita ta hawa sama, danshin da ta ɗauko ya haɗa gajimare ya zubo. Na ɗora tsayi a kan lissafin, tsaunin ya bayyana. Wata matsalar kuma ta kunno kai. Yanzu duk wurare biyu masu tsayi ɗaya sai ya ba su ruwa kusan ɗaya, alhali duk wanda ya bi hanyar Kagoro da damina, ya kuma bi ta Bauchi, ya san ba haka ba ne. Iskar damina daga kudu maso yamma take tasowa, daga Tekun Atlantika. Gangaren Kagoro take fara cin karo da shi, ta sauke kayanta a can, kafin ta sauka ɓangaren Bauchi ta yi sauƙi. Ke nan sai na koya wa kwamfuta inda kowane gangare ya fuskanta.

Sha ɗaya da rabi aka ɗauke wuta.

Bayan la'asar Kawu ya bugo daga Toro, can ɓangaren Bauchi, maganar taki. Da muka gama na ba shi labarin abin da nake fama da shi. Ya yi dariya ya ce, "Kai yaro, wane malami ya ce maka ruwa daga yamma yake zuwa? Tun ina ɗan kiwo, hadari daga gabas yake haɗowa." Na ce, "Kawu, ai gaskiyarka." Kuma ba don ladabi kawai na faɗa ba. Danshin ne ke shigowa ta ƙasa-ƙasa daga kudu maso yamma, amma manyan hadarurrukan da ke zuwa da guguwa, iskar da ke can sama ce ke kora su daga gabas zuwa yamma. Na karanta wannan tun ina aji biyu, na rubuta a jarrabawa, amma ban taɓa tambayar kaina me yake nufi ga taswirata ba sai da mai garma ya tuna mini. In hadarin gabas na ba gangaren Toro rabonsa, to nauyin da na ɗora wa kudu maso yamma zai iya yin yawa.

Gobe in Allah ya kai mu zan cire tashoshin ɗaya bayan ɗaya, in bar lissafin ya kintaci kowacce, in ga wace fuskar ce ta fi rage kuskure, sannan in gwada da bayanan tauraron ɗan'adam na CHIRPS da suka faro daga 1981. Har yanzu ba a kawo wuta ba, da waya nake rubuta wannan.