"Bent out of shape": fushin da ya fi ƙarfin dalilinsa

Idan Ba'amurke ya ga mutum ya ɗauki zafi a kan abin da bai taka kara ya karya ba, yakan ce masa "Don't get bent out of shape." Hoton da ke cikin maganar na ƙarfe ne da aka lanƙwasa har ya fita daga siffarsa, wato ɓacin rai ya sauya wa mutum kamanni.

Ginin maganar ba wuya. Ana farawa da get, ko got in abin ya wuce, sai bent out of shape, sannan about ko over kafin a ambaci musabbabin fushin: "She got bent out of shape over a parking space", ta harzuƙa saboda wurin ajiye mota. In ana so a ƙara mata nauyi sai a sa all kafin bent. A kula, bent ne da "t", ba bend ba.

Inda masu koyo suka fi tuntuɓe shi ne wajen gutsure ta. Out of shape kaɗai ba ruwanta da fushi, ana faɗinta ne ga wanda ya daina motsa jiki har hawan bene yake sa shi haki. Get bent kaɗai kuwa baƙar magana ce ta korar mutum, tana iya jawo rigima nan take. A Ingila ma idan aka ce ɗan sanda bent ne, ana nufin maciyin rashawa. Don haka ko dai a faɗe ta cikakkiya, ko a bar ta.

Abin da na fi so a riƙe shi ne, maganar tana ɗauke da hukunci. Duk wanda ka jefa wa ita, ka gaya masa ke nan fushinsa ya wuce kima. Tsakanin abokai ba komai, amma ka faɗa wa shugabanka a wurin aiki, ko wanda aka zalunta da gaske, ka ƙara wa wuta fetur. A wasiƙar aiki upset ko annoyed sun wadatar.

Ta kuma bambanta da fly off the handle, wadda ke nufin fashewa da faɗa farat ɗaya. Wanda ya zama bent out of shape yana iya yin shiru, ya kwana biyu yana cika yana batsewa bai ce uffan ba.