Falle uku, yara huɗu

Na daɗe ina koyar da lissafin kaso a aji huɗu na firamare yadda aka koya mini: in rubuta ƙa'ida a allo, in yi misali biyu, yara su kwafa. Ranar da na tambaye su wanne ya fi girma tsakanin 1/4 da 1/8, kusan duk ajin suka ce 1/8, wai ai takwas ta fi huɗu. Ban ga laifinsu ba. Lambobi biyu suke gani, ta sama da ta ƙasa, ba su san adadi guda ba ne.

Sai na juya tsarin, matsala ta riga ƙa'ida zuwa. Na zaunar da su huɗu-huɗu, na ba kowane rukuni fallen takarda uku da almakashi, na ce su raba daidai wa daida, kada a ƙwari kowa. Wani rukuni ya yanka kowane falle gida huɗu, kowa ya kwashi uku. Wani kuma ya raba falle biyu rabi-rabi, na ukun gida huɗu, kowa ya tashi da rabi da rubu'i. Gardama ta kaure kan wa ya fi samu, har wata yarinya ta ɗora nata a kan na maƙwabciyarta ta ce, "Malam, ai duk ɗaya ne!" Abin ya burge ni, domin kamar haka mutanen Masar na dā suke rubuta 3/4, rabi da rubu'i. Irin wannan lissafin ne cike da takardar Rhind, wata tsohuwar takardar lissafi ta Masar, wadda wani marubuci mai suna Ahmes ya kwafa wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa.

An san wannan hanya ta fara koyarwa da matsala kafin ƙa'ida da makarantar likitanci ta Jami'ar McMaster a Kanada tun 1969, kuma a can ma aikin malami ja-gora ne. Ni dai abin da ya fi ba ni wuya shi ne kame bakina. Ga cin lokaci, ga hayaniya. Sau ɗaya na bari ƙararrawa ta kaɗa ban mayar da abin da suka gano zuwa lambobi a allo ba. Washegari yankan takarda kawai suka tuna.

Yanzu idan yaro ya rubuta 1/2 + 1/3 = 2/5, ba na jan jar biro. Nakan ce, "Kana da rabi, an ƙara maka, ya aka yi ka koma ƙasa da rabi?" Sai in miƙa masa falle mai layi shida, in wuce tebur na gaba.